Littafin da Ya Sha Mai

Talata, bayan an tashi aiki

'Yar Kawu,

Sallama gare ki da duk masu cin abincin hannunki, na kan gado da na kan ƙafa. Ina fata kumburin ƙafar nan ya sauka, kuma Kawu yana shan maganinsa ba sai an yi masa wa'azi ba. Mu nan da sauƙi. Bayana ne kawai yake tuna mini shekaruna duk safiya.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Kicin ɗin asibitinku ba a shiga da waya, in kin fito kin gaji, in kuma na fara bayani kina katse ni tun ban ja numfashin farko ba. A takarda dole ki bari in gama. Direban motar magani ya yarda zai riƙa kai miki, tunda duk mako yana bi ta ƙofar laburarenmu.

Ga abin da ya faru. Ranar Litinin ta makon jiya 'yata, wadda kika laƙaba wa Alƙaliya tun tana shekara huɗu saboda yanke hukunci, ta yanke jiki ta faɗi a layin makaranta. Yanzu shekararta goma sha huɗu, ta kusa kamo ni a tsawo, amma da na ɗauke ta sai na ji kamar na ɗauki jakar littattafai. Aka gwada, aka ce jininta ya yi ƙasa. Nas ta tambaye ta abin da take ci. Ta ce shayi da burodi da safe, da rana abin da ya samu, da yamma "abin da Baba ya sayo a hanya." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ta ƙarya ba, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mamanta. Kwanonin maƙwabta sun yi wata biyu suna zuwa, sannan suka koma jefi-jefi, sannan suka tuna suna da gidajensu. Ban ga laifinsu ba.

Washegari Yaya Babba ta iso. Gaisuwar a tsaye aka yi ta, ta wuce kicin ta buɗe firij. Ta tarar da lemun tsami biyu, da rabin gwangwanin kifi, da maganin ɗigon idona. Ta daɗe tana dubansu. Sannan ta ce, "Ƙanena, karatu kam ka iya, ba wanda ya musa. Amma yarinya ba takarda take ci ba. Ana rufe makaranta zan zo in tafi da ita." Ta ajiye wani ƙaton akwati, ba komai a ciki, a bayan ƙofar falo, wai a riƙa zuba kayan a hankali. Bayan Yaya ta tafi Alƙaliya ta ɗauko tawul ta lulluɓe shi.

Saura mako bakwai. Ba zan ba da ita ba.

Na yi abin da na iya. Shekara ashirin da biyu ina zaɓar wa mutane littattafai, don haka na shiga kanti na zaɓi na girki guda uku yadda nake zaɓar kowane littafi: takarda mai kauri, ɗinki mai ƙarfi, marubuci mai digiri. Na farko yana da hotuna waɗanda za su sa mai azumi kuka, amma kowane girki yana neman kaya goma sha ɗaya. Na karanta wa mai kantin unguwarmu sunayen huɗu daga ciki, ya ce in maimaita, ya kira ƙaninsa shi ma ya zo ya ji. Na biyu ya yi rantsuwa a bangonsa cewa komai minti ashirin ne, ashe agogonsa yana fara tafiya bayan wani bawan Allah ya gama fere da yanka da wanki. Na uku kuwa kafin kowane girki sai marubuciyar ta yi shafi biyu a kan kakarta. Kin san ni, ba na iya tsallake rubutu. Ina tsakiyar labarin kakar mai ya yi hayaƙi, maƙwabci ya buga ƙofa.

Abin da nake nema kaɗan ne. Ina shiga gida shida saura minti ashirin, ina son abinci a faranti ƙarfe bakwai. Murhun gas ɗina kai biyu ne, ba ni da tanderu. Ki faɗa mini sunan littafi ɗaya tak wanda ba ya ƙarya.

Ɗan gwaggonki na laburare


Asabar

Ɗan Gwaggo,

Na ga takardarka, shafi huɗu, a tsaye na karanta ina jiran wake ya nuna. Ƙafa da sauƙi. Kawunka yana shan magani ranar da ya ga dama. Ka ce wa 'yata ta sha maganin ƙarin jinin ko da yana ɗaure mata ciki, kuma kar ta kora shi da shayi.

Ni kake tambaya littafi? Shekara goma sha tara ina tsaye kan tukunya ban buɗe ko ɗaya ba. Abin da muke da shi takardu ne da likitar abinci take liƙa mana a bango. Na kwafo maka uku: wake da alayyafo, hanta da albasa, kifi da dankali. Duk masu ƙara jini ne. Na mutum ɗari da ashirin ne, kai da ka sha boko sai ka rage daidai ku biyu.

Yaya Babba kar ka yi mata gardama, ba za ka ci ba, tun kuna yara ba ka taɓa ci ba. Ba ƙinka take yi ba. Ta ga yarinya a kwance ne ta tsorata, ita kuma in ta tsorata akwati take ɗauka.

Labarin kakar matar nan, ya ƙare lafiya dai ko?

'Yar kawunka


Alhamis

'Yar Kawu,

Gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ke da tukwanenki masu ɗaukar mutum. Alƙaliya tana shan magani, ta koma makaranta, jiri ya ragu. Kakar matar nan ta rasu a shafi na tamanin, kusa da miyar kabewa.

Na gode da takardun. Na zauna da su kamar mai jarrabawa. Ɗari da ashirin a raba gida sittin ya ba da mu biyu, sai na raba komai da sittin. Wake kilo goma sha biyu ya koma giram ɗari biyu. Albasa talatin ta koma rabi. Har nan lissafi bai ci amanata ba. Sai na iso inda aka ce a dafa awa biyu. Awa biyu minti ɗari da ashirin ne, a raba da sittin, minti biyu ke nan.

Kafin ki yi dariya, ki sani na yi shakka. Na ce a raina minti biyu ya yi kaɗan, sai na yi masa alfarma na ba shi biyar.

Alƙaliya ta ɗauki ƙwayar wake ɗaya ta sake ta a faranti. Ta yi ƙara. Ta ce, "Baba, wannan waken bai san an dafa shi ba." Na mayar da shi wuta, muka ci ƙarfe tara saura. Da ta kai loma ta farko ta tauna a hankali ta ce, "Waye ba shi da lafiya?" Sai a nan na lura babu gishiri a takardunki ko ɗaya, babu yaji, mai ma sai da tabarau na gan shi. Ta ce in ta yi mako guda tana cin wannan da kanta za ta je ta nemi gado a wurinku. Ke ma ashe kin manta akwai mutanen da likita bai hana su komai ba.

Ban karaya ba. Na ɗebo tsofaffin katunan jerin littattafai daga wurin aiki, kowane girki na ba shi kati: abin da littafi ya ce, da abin da ya faru. Yanzu katuna goma sha huɗu ne. Uku an ci an ƙoshi, biyar an ci don kunya, shida kajin maƙwabta sun duba sun wuce. Ga wani abu da na gano. Duk littattafan nan sun haɗa baki cewa albasa tana yin ja cikin minti biyar. Na tsaya da agogo a hannu: minti ashirin da biyu. Mutumin da zai yi maka ƙarya a kan albasa, me zai hana shi yi maka a kan kaza?

Na ƙara sayen guda biyu. Ɗaya na wani mai gidan abinci ne, yana cewa "a zuba gwargwadon buƙata." Da na san gwargwadon buƙata, malam, da ban saye ka ba.

Yaya Babba tana bugo waya duk Juma'a. Ba ta tambayar lafiyata, sai ta ce, "An fara zuba kayan?" Ina ce mata tawul ɗaya ya shiga. Saura mako biyar. Ki duba mini katunan da na haɗo, ki faɗa mini inda nake ɓata.

Ɗan gwaggonki


Laraba

'Yar Kawu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya.

Mako biyu direba yana wucewa yana ɗaga mini hannu wayam. Yau ya miƙo mini 'yar takarda da ba ta kai tafin hannu ba, kuma ba ma rubutunki ba ne. Ga abin da ke ciki, in kin manta: "Na yi magana da Yaya. Na ce mata ni ma na yarda yarinya ba za ta ci gaba a haka ba. Ka daina sayen littattafai."

Na karanta sau uku. Ba ta da tsawon da za a ce na tsallake wani abu.

Ranar Juma'a ma Yaya ta ce mini a waya, "Ai mun daidaita da 'yar Kawu." Na ɗauka irin maganarta ce. Ashe an gama shari'ar, ni ne ban samu sammaci ba. Ban ce ba ku da hujja ba. Na ƙona tukunya biyu, na yanke ɗan yatsa, shekaranjiya taliya ta dunƙule ta fito daga tukunya a siffar tukunyar. Amma da kin faɗa mini da hannunki, a takarda cikakkiya, da ya fi mini sauƙi.

Abu ɗaya zan gaya miki. Ranar Lahadi na leƙa ɗakinta na ga ta jera littattafanta na makaranta kashi biyu a ƙasa. Na tambaya, ta ce, "Waɗanda zan buƙata a can da waɗanda ba zan buƙata ba. Don kar abin ya zo maka da wahala, Baba." Yarinyar da ta rasa uwa tana shirya yadda rabuwa da uba ba za ta wahalar da shi ba. Na ce ta mayar da su kan kantar littattafanta, ba inda za ta.

Saura mako uku. Da ku da babu ku, ƙarfe bakwai za a ci abinci a gidan nan.

Ɗan gwaggonki


Lahadi

Ɗan Gwaggo,

Kai dai Allah ya shirye ka. Mutum ya karanta littafi dubu ya kasa karanta layi uku.

Tururin babbar tukunya ne ya dafe mini hannun dama, kwana goma sha biyu yana naɗe. Yau ne na fara riƙe biro, ka ga yadda rubutun yake rawa. Waccan takardar mai wanke mana tukwane na ce ta rubuta, ita kuma rowar tawada gare ta, na yi magana minti biyar ta rubuta layi uku.

Eh, na ce wa Yaya yarinya ba za ta ci gaba a haka ba. Kai ma ai ka ce. Sauran maganar da ba ta shiga takarda ba ita ce: na ce mata ba a yanke wa mutum hukunci da firij ɗin wata biyu da suka wuce. Ta je gidanka ranar aiki, ba sanarwa, ta zauna ta ci abin da aka dafa, sannan ta yi magana. Ta yarda. Daidaitawar ke nan. Ranar da za ta zo ban sani ba, ko na sani ba zan faɗa ba.

Na ce ka daina sayen littattafai don sababbi kake saye. Na duba katunanka, hannunka ba shi da laifi sosai, littattafan ne. Ku a wurinku littafi mai tsabta shi ne mai kyau. A kicin littafi mai tsabta shi ne wanda aka gwada sau ɗaya aka yi fushi da shi. Ka nemi wanda ya sha mai, wanda shafukansa suka manne, wanda in ka ajiye shi yake buɗe kansa a wuri ɗaya. Wannan shi ne aka koma masa.

Yanzu bari in faɗa maka abin da aka ce kar in faɗa. Mamar Alƙaliya, Allah ya ji ƙanta, lokacin da na haɗa ku ko ƙwai ba ta iya soyawa ba. Ita ma makaranta ta cinye ta kamar kai. Wata biyar kafin aurenku ta ari wani koren littafi a laburarenku, ƙarami, ba hoto ko ɗaya. Lokacin ina garinku. Duk yamma in ta taso aiki sai ta gwada ɗaya, ta kawo mini a kwano in ɗanɗana, in ce rage wannan, ƙara wancan, ita kuma ta rubuta a gefen shafi da fensir. Duk abin da ka ci shekara goma sha shida kana lumshe ido, daga nan ya fito.

Ka san littafin. Ita da bakinta ta ba ni labarin ranar da ta mayar da shi, wai wani saurayi mai tabarau ya tsayar da ita a gaban kanta ya yi mata huɗuba a kan haƙƙin jama'a, ga shi kuma saura kwana tara ya aure ta.

Ka je ka nemo shi.

'Yar kawunka


Juma'a

'Yar Kawu,

Sannu da hannu. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Na janye takardata ta baya gaba ɗayanta, in kin ga dama ki kunna murhu da ita. Ki gaishe da mai rowar tawada.

Na tuna huɗubar. Har yau ina ganin tana cikin mafi kyawun da na taɓa yi. Ta tsaya tana saurare tana danne dariya, da na gama ta ce, "Goge abinka, na riga na haddace." Ni kuwa na zauna da kilina, robar nan ta goge fensir, na yi yini guda ina bin littafin shafi-shafi har ya koma fes. Ban karanta ko layi ɗaya ba. Mai gogewa ba ya karantawa, datti kawai yake gani. Shekara ashirin da biyu ina wannan aikin, 'Yar Kawu. Allah kaɗai ya san girkin mata nawa na goge a garin nan.

Na duba kanta, babu shi. Na tambayi Mai Hatimi, abokiyar aikina da ke buga kwanan wata a bayan littafi in an ara. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Koren nan? Ai kai ka kore shi." Gaskiya ne. Wata uku da suka wuce na rubuta jerin littattafan da suka lalace, na sa hannu a fitar da su, aka zuba a buhuna aka kai sito. Mai sayen tsohuwar takarda ƙarshen watan nan zai zo ya kwashe su. Saura kwana huɗu.

Na sauka da rigar aikina na zazzage buhu uku a ƙasa. Yana cikin na ukun, bangon ya rabu, an ɗaure shi da zare. Takardar kwanan wata da ke bayansa ta cika, an liƙa wata a kai, ita ma ta cika, an liƙa ta uku. Littattafan da na sayo masu hotuna, irinsu da ke kantarmu ba wanda aka ara fiye da sau biyu. Hujjar tana gabana duk shekarun nan, da hatimi da kwanan wata, ban taɓa haɗa ta da ciki ba.

Na ajiye shi a kan tebur na sake shi. Ya buɗe kansa a shafi na arba'in da ɗaya: hanta da dankali a tukunya ɗaya. Shafin ya sha mai har ana ganin na bayansa. Kaya shida ne, duk mai kantinmu ya san su ba sai ya kira ƙaninsa ba. Amma gefen shafin fari tas, aikin hannuna.

Alƙaliya ce ta gano. Na kai mata littafin bayan la'asar na faɗa mata na wane ne, da abin da na yi masa. Ba ta yanke hukunci ba, karo na farko a rayuwarta. Ta shafa gefen shafin da ɗan yatsa, ta ce, "Baba, Mama danna fensir take yi." Ta kai shi bakin taga ta karkata shi, rana ta kwanta a kan takardar, sai ga rubutun ya taso. Fensirin na goge, sawunsa yana nan.

Muka tsaya a tagar, tana karantawa ina rubutawa a kati. Inda littafin ya ce kofi biyu na ruwa, ta rubuta "ɗaya da rabi." Inda ya ce a soya albasa minti biyar, ta rubuta "ƙarya ne, ashirin, a fara da ita kafin a cire takalmi." Inda ya ce a sa hanta tare da dankali, ta ja layi: "a ƙarshe, in ba haka ba ta zama takalmin." A ƙasa kuma, da ƙananan haruffa: "Ba ya son tafarnuwa amma ba zai faɗa ba. A daka ta sosai, ba zai gane ba."

Shekara goma sha shida ina cin tafarnuwa ina yabawa.

Alƙaliya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta juye, na bar ta ta gama. Sannan muka dafa. Bakwai da minti biyar abinci yana faranti. Ta cinye, ta miƙo farantin a ƙara mata. Na daka tafarnuwar sosai, kuma gaskiyarta, ban gane ba.

Shafi goma sha bakwai muka samu masu sawu. Rana tana ba mu kamar rabin awa a tagar kafin ta faɗa bayan ginin maƙwabta, don haka biyu-biyu muke yi kullum. Saura kwana goma sha biyu.

Ɗan gwaggonki


Alhamis

'Yar Kawu,

Fatan hannu ya warke har ya koma riƙe ludayi. Ki ce wa Kawu na ji labarin ya ɓoye ƙwayoyi a aljihun riga, kuma shekarunsa sun wuce wannan. An sake gwada jinin Alƙaliya ranar Litinin. Ya ɗaga. Bai kai inda ake so ba, amma nas ta daina yi mini kallon da take yi.

Yaya Babba ta zo jiya. Shida da minti goma, ina tsaye kan albasa da takalmin aiki a ƙafata, na ji sallamarta. Da na san za ta zo da shafi na arba'in da ɗaya zan yi, wanda na ƙware. Laraba kuwa ranar shinkafa da wake da alayyafo ce, shafi na ashirin da uku, sau biyu kacal na taɓa yinsa. Na jiƙa waken tun safe kamar yadda sawun fensir ya ce, na kuma ba shi lokacinsa cikakke, ba a raba da komai ba.

Ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofar kicin, jaka a cinya. Ta ce, "Ci gaba, ni ba na nan." Ban taɓa ganin mutumin da ba ya nan ya cika ɗaki haka ba. Na ɗaga murfi, ta yi gyaran murya. Na mayar da murfi, ta sake yi. Ta hango littafin a jingine da gwangwanin gishiri ta ce, "Wannan tsumman fa?" Alƙaliya ta ce, "Na Mama ne, Gwaggo." Ba ta sake gyaran murya ba.

Bakwai da kwata muka zauna. Ta ci loma uku, ta ajiye cokali ta ce, "Gishiri bai ji ba." Na ce haka ne. Ta ce, "Alayyafon ya ɗan wuce." Na ce shi ma haka ne. Sai ta miƙa hannu ta ƙara ludayi biyu. Da ta gama ta tashi ta buɗe firij, ta ga ƙwai, da hanta ta gobe, da waken jibi, da maganin ɗigon idona, wanda har yanzu yana da haƙƙin zama. Ta kira Alƙaliya ta ja fatar idonta ƙasa ta duba, ta juya tafin hannunta ta duba.

Sannan ta ce, "Ke, ɗauko mini akwatina. Maƙwabciyata za ta yi tafiya tana neman aro."

Alƙaliya ta yaye tawul ɗin ta jawo shi, yana ta ƙarar wofi a kan siminti. Na raka Yaya bakin titi ina ɗauke da shi. Har tasi ta tsaya ba ta dube ni ba. Da ta shiga ta sauke gilashi ta ce, "Zan dawo wata Larabar, kuma ba zan faɗa maka wacce ba. Ka cire takalmi in za ka shiga kicin, ba a gareji kake ba." Na so in ce mata umarni ne daga sama, na fasa.

Yanzu ga laifin da na aikata, gara ki ji daga bakina. Da na koma ciki na ɗauki fensir, na buɗe shafi na ashirin da uku, littafin jama'a, mai hatimin hukuma, na rubuta a ƙarƙashin sawun hannunta: "A ƙara gishiri rabin cokali. In ji Yaya." Na danna sosai.

Yau da safe na soke sunansa daga jerin waɗanda za a fitar, shi da wasu tara masu maiƙo da na tsamo daga buhunan. Na ɗinke bangonsa da hannuna, na kai wa Mai Hatimi ta ara mini shi da sunana. Ta buɗe, ta ga fensirin, ta gane rubutun. Ta jawo aljihun tebur ta ɗauko kilina ta ajiye a gabana. Na ce ta mayar.

Abu ɗaya ya rage. A shafi na saba'in da huɗu, gefen kifi, ta yi rubutu layi biyu da muka kasa karantawa. Mun gwada da rana, mun gwada da tocila. A nan na fi danna kilinar, har takardar ta yi laushi. In kin tuna abin da kika faɗa mata a kan kifin nan, ki rubuto, da hannunki. In ba ki tuna ba, ba komai. Ranar Talata za mu dafa shi mu gani, mu rubuta namu.

Ɗan gwaggonki na laburare